Akuyar Madam Confidence

Da hantsin wata Asabar ta watan Disamba Madam Confidence ta tsinci akuyarta kwance a ƙarshen makiyaya, da ramin harsashi a kafaɗa, da yankan wuƙa a wuya. An lulluɓe ta da rassan itace, kuma ba a ɗauki ko tsoka ɗaya ba. Kafin azahar labarin ya gama zaga wayoyin Hausawan Greensboro ta Amurka, kowa ya ƙara masa gishiri daidai hannunsa. Wasu suka ce tsafi ne, wasu suka ce gargaɗi ne aka aika wa matar.

Madam Confidence nas ce, Kirista, haifaffiyar Kumasi. A bakin zangon Hausawa ta tashi, shi ya sa Hausa ta zauna mata a baki. Gonarta tana Summerfield, a can jama'a suke sayen ragon layya su yanka, kuma ta bar masu sha'awar farauta su riƙa shiga dajin da ke bayan gonar. Akuyar da aka kashe, Maame, mijinta marigayi ne ya raine ta da kwalba tun tana jaririya. Duk wanda ya san gidan ya san ba ta cikin dabbobin sayarwa.

A gefen shinge Madam ta tsinci kwanson harsashi guda, gindinsa da ɗigon jan farce. Mutum ɗaya ne a garin yake wannan aikin. Saaka, direban motar kai kaya, shi yake ɗura harsashinsa da hannu a gareji, yana ɗiga wa kowanne jan farcen matarsa don ya gane nasa. Ga shi kuma ta ga farar motarsa ta shige ta hanyar daji da asuba. Ta ce in rana ta faɗi ba a kawo mata wanda ya yi ba, sherif, ɗan sandan yankin, za ta kira. Kowa ya san Saaka yana jiran a kira shi rantsuwar zama ɗan ƙasa, kuma kowa yana tsoron abin da maganar bindiga za ta yi wa takardunsa.

Sai aka tuna da Malam Uwaisu. Bakanike ne a garejin bas-bas na makarantu, amma ɗan maharbi ne daga Ningi, ya koyi bin sawu tun kafin ya koyi ɗaure takalmi. A Amurka wannan ilimin bai taɓa amfanar kowa ba, sai rana ɗaya da ya nemo wa maƙwabciyarsa kyanwa. Matarsa har tsokanarsa take yi, wai ko a kantin Walmart ƙasa yake kallo.

*

Ya tarar da Madam tsaye a kan akuyar, ta naɗe hannu, idanunta sun kumbura. A cikin barga wani ɗan akuya yana ta kuka ba ƙaƙƙautawa.

"Ɗanta ne," in ji ta. "Tun safe bai sha komai ba. Malam, duba min wannan. Ka harbe ta, ban ce komai ba, accident yana faruwa. Amma ka yanka ta? Ka rufe ta kamar shara? Awurade, ya Ubangiji! Me na yi muku?"

Kalmar "muku" ta soki Uwaisu, don ya ji an haɗa su duka a ciki. Ya ba ta haƙuri, ya roƙe ta ta ja baya kaɗan, sannan ya tsuguna.

An yi yayyafi da daddare, jar ƙasar ta yi laushi, ta riƙe komai. Akuyar tana kwance ta gefen hagu, maƙogwaronta yana kallon wani tsohon jan rumbu da ke can tsallaken hanya. Ƙasa ta nuna ba haka ta faɗi ba, an ja ta an juya ta. Yankan kuwa ɗaya ne, mai tsabta, na hannun da ya saba. Ga alamar gwiwa biyu a gefenta, wurin ya lotsa sosai, wanda ya durƙusa ya daɗe bai tashi ba.

Ya bi sawun takalmin baya-baya har shinge, inda aka tsinci kwanson. Nisan ya ba shi mamaki. Ya dafa shingen kamar mai ɗora bindiga, ya miƙa ido ta kan inda akuyar ta fara faɗuwa. Bayanta akwai ɗan tudu. Ya taka ya hau, ya sunkuya, ya ga abin da zuciyarsa ta raya masa: sawun koyoti, dilan ƙasar nan, ya yi sanɗa ya tsaya, sannan ya kwasa da gudu har yana watsa ƙasa. Kusa da wurin ga ƙananan kofatan ɗan akuya.

Ya koma kan sawun mutumin. Takalmin but ne babba, irin wanda Saaka yake sawa. Amma takun gajere ne, dunduniya tana ja, gaban takalmin kuma bai nutse ba. Ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba.

"Madam, ki ba ni zuwa la'asar."

"Zuwa faɗuwar rana na ce. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

*

Garejin Saaka ya fi ɗakin wasu matan tsabta. Ga na'urar matse harsashi a ɗaure da tebur, ga ɗan ma'auni da yake auna albarushi ƙwaya-ƙwaya, ga kwansuna a jere cikin akwati mai ramuka kamar na ƙwai. Rami ɗaya babu komai. Shi kansa yana zaune a kan bokiti ya haɗa kai da gwiwa.

"Malam, ba sai kun wahala ba. Ni ne. Ni kaɗai na je."

"To, madalla. Me ka harba?"

"Kurege. Na kuskure."

Uwaisu ya ɗauki harsashi ɗaya yana juya shi. Ƙarami ne, bai kai ɗan yatsa ba. "Wannan na bindigar nan taka Hornet ne ko? Tuna min, me ya sa ba ka sayen na kanti kamar kowa?"

Ko a cikin tashin hankali, ba a yi wa Saaka wannan tambayar ya yi shiru. Ya ɗago. "Na kanti yana da zafi da yawa. Ka harbi kurege da shi, rabin naman ya tafi, matata Ama ta ce me za ta dafa. Ni na rage powder, na yi ta gwadawa har na samu wanda bindigar take so. Yana tafiya a hankali, amma daga nan zuwa akwatin wasiƙar can, sai in sa biyar a rami ɗaya."

"In kuma daga nan zuwa ƙarshen layinku ne?"

"Chale, aboki, ai ba a yin haka. Ya gaji kafin ya isa. Zai sauka ƙasa da inda ka saita, kusan kamu guda."

"Kai ka san wannan."

"Ni na ɗura shi."

"Kuma kai ne ka tsaya a shinge ka harba can ƙarshen makiyaya, ta saman bayan akuya. Kai da na taɓa gani kana rarrafe cikin ƙaya rabin yini saboda kwanso ɗaya ya faɗi, yau ka bar naka a fili ka tafi."

Saaka ya mai da kai ƙasa. "Na ce ni ne."

A bakin ƙofa but biyu ne a ajiye iri ɗaya, sabo da tsoho, dukansu da ɗanyar jar ƙasa. Uwaisu ya gani. Ya leƙa falo don ya gaisa da mutan gida. Surukin Saaka, Baba Abdul-Hamid, mahaifin Ama, wanda ya zo daga Tamale ta Ghana ganin jikoki, yana zaune kusa da hita cikin rigar sanyi har biyu, carbi a hannu.

"Baba, ina wuni? Ya baƙunta, ya sanyi?"

"Sanyi kam mun gode Allah," in ji tsohon, bai ɗago ba. Ama ta kawo shayi, ta ce tun safe Baba bai ci komai ba, ƙila mura ce.

*

A mota Uwaisu ya lissafa abin da yake da shi: gajeren mutum cikin takalmin aro, gwanin wuƙa, wanda Saaka yake rufa wa asiri. Duk suka taru a kan Mourtala, mahaucin nan ɗan Zinder da ke yanka nama a wani kanti a titin Gate City Boulevard. Abokin farautar Saaka ne, tsayinsa bai wuce kafaɗar mutum ba, kuma a layyar da ta wuce sun yi cacar baki da Madam a kan ƙofar da ya bari a buɗe tumaki suka fita titi. Jama'a ma sun riga Uwaisu isa can, rabin masu waya sun bar Saaka sun koma kansa.

Ya same shi yana datsa haƙarƙari, yana huci.

"Malam, kai ma ka zo? Bon, ku zo duka! Tun safe nake nan, tambayi patron, mai kantin."

"Patron ɗinka ƙanin matarka ne."

"To laifina ne?" Ya soka wuƙar a katako. "Eh, mun yi faɗa da ita. Ta kira ni careless a gaban yarana. Amma in kashe mata dabba? Jamais, har abada. Ni nake yanka mata raguna duk shekara. Ni na gyara wurin yankan, ni na zana kibiya a jikin shinge da fenti, don kada 'yan gayu su zo su kwantar da rago yana kallon Florida."

Uwaisu ya fara dariya, sai ya katse ta. "Kibiyar ina ta nuna?"

"Alƙibla mana. Wajen dogon itacen nan na kusurwa, arewa maso gabas. Ka manta? Kai ma bara a nan ka yanka naka."

Bai manta ba. Ya tuna yadda shi kansa ya sha gardama a shekararsa ta farko, da aka ce masa a ƙasar nan sai an karkata hagu. A gida ba a tambaya. Ka ce gabas, ka ce alƙibla, duk abu ɗaya ne, inda rana ta fito nan za ka kalla. A nan kuwa cikin hunturu rana can wajen kudu take leƙowa. Akuyar Madam ba dogon itacen take kallo ba, jan rumbu take kallo, can kudu maso gabas. Wanda ya juya ta baƙo ne a ƙasar nan.

Ya tsaya a bakin kantin, motoci suna wucewa. Da Mourtala ne, da abin ya zo da sauƙi, don shi ya riga ya zama ɗan ƙasa, iyakarta tara da jin kunya. Baƙon da ya shigo da bizar ziyara ya taɓa bindiga kuwa, Allah kaɗai ya san inda maganar za ta tsaya. Yanzu ya gane abin da Saaka yake saye da takardunsa. Ya yi tunanin ya yi shiru, ya bar mutum da zaɓinsa. Amma shirun ba zai hana sherif zuwa ba, kuma matar za ta rayu tana ganin maƙwabtanta sun yanka mata akuya don ƙeta.

Ya kira Ama. "Ki taho da Baba gona. Bakin dattijo ya fi namu, ƙila Madam ta ji nauyinsa."

*

Da la'asar gari ya lumshe, gajimare ya rufe sama ruf, ba za ka ce ga inda rana take ba. Suka taru a gefen barga: Madam da wayarta a hannu, Mourtala da rigar aikinsa, Saaka, Ama, da Baba Abdul-Hamid yana dogara sanda. Da Saaka ya ga surukinsa ya fito daga mota, ya yi wa Uwaisu wani kallo mai ciwo.

"Baba bai taɓa zuwa nan ba," ya faɗa da sauri, ba wanda ya tambaye shi. "Me ya sa aka fito da shi cikin sanyi?"

"Lokaci na wucewa," in ji Uwaisu. "Madam, ki yi mana izini mu yi salla tukuna." Ya ɗauko tabarmar roba daga but ɗin motarsa, ya tsaya yana waige-waige kamar wanda ya rikice. Mourtala ya buɗe baki, Uwaisu ya taka masa ƙafa. "Baba, ku ne babba, ku za ku ja mu. Ina gabas?"

Tsohon ya ɗaga sanda ba tare da wani tunani ba. "Ga ta can. Ta bayan jan rumbun nan take fitowa."

Ɗan akuya ya yi kuka a barga. Sandar tana nan a miƙe, sannan ta fara saukowa a hankali. Ama ta toshe baki da mayafi.

"Haka ne, Baba," in ji Uwaisu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yau ta nan ta fito. Sai wanda ya tsaya a filin nan da sassafe zai sani."

"Baba, kada ku ce komai!" in ji Saaka.

"Yi shiru, ɗana. Tun safe nake shiru, ya ishe ni." Ya juya ga Madam, ya cire hularsa duk da sanyin. "'Yata, ni ne. Ni na matsa masa ya zo da ni, na gaji da zaman ɗaki. Ya shiga daji ɗauko abin da ya harba, ya jingine bindiga a wurina. Sai na ga wani kare kamar dila yana sanɗar ɗan akuya. Ni maharbi ne tun ina saurayi, hannuna ya riga hankalina. Na saita shi sosai, wallahi a kansa na saita. Sai na ga uwar ta faɗi."

"Harsashin kurege ne, Madam," in ji Uwaisu. "Saaka ya rage masa ƙarfi don kusa. Baba bai sani ba. Sawun koyotin yana kan tudu, in kina so in nuna miki."

Madam ba ta kalli tudun ba. "Wuƙar fa? Ita nake tambaya. Wuƙar fa?"

"Na iske ta da sauran rai, tana shure-shure, ba ta tashi," in ji Baba. "A wurinmu ba a barin dabba ta mutu haka. Ta sha wahala, kuma ta zama mushe, mai ita ya yi asara biyu. Na juya ta gabas, na yi bisimilla, na hutar da ita. Na rufe ta don ungulu. Na ce mai ita zai zo ya samu halal ɗinsa da tsabta." Ya dubi Saaka. "Sai tsoro ya kama ni. Na ce wa yaron nan kurege na kuskure. Da girmana na yi ƙarya, na zauna ina kallo zai ɗauki kayana."

Madam ta daɗe tana kallonsa. Ta san yanka, ta tashi tana gani a zango, amma baƙin ciki bai bar ta ta ga wannan a jikin Maame ba. Hawaye suka zubo mata.

"Ba nama ba ce, Papa. Ba don ci na ajiye ta ba. Ita kaɗai ta rage min da hannun mijina a jikinta."

"Ban sani ba," in ji tsohon. "Da na sani ma, ban san abin da zan yi dabam ba. Ki yi abin da kika ga dama da ni. Shi dai ki bar shi."

Uwaisu ya kalli wayar da ke hannunta. Iyakar abin da sawu zai iya ke nan, sauran ba aikinsa ba ne, kuma ya ji tsoro ƙwarai. Madam ta juya ta shige barga. Suka tsaya cirko-cirko. 

Da ta fito babu waya a hannunta. Ɗan akuyan ne a hammata, da wata tsohuwar kwalba mai bakin roba cike da madara. Ta dangwara wa Baba su a ƙirji.

"Ya ƙi karɓa a hannuna. Kun ce don shi kuka yi harbin, to ku ƙarasa aikin. Safe da yamma, har ranar da jirginku zai tashi. Kai kuma Saaka, bindigarka ba ta ƙara shigo min gona sai ranar da na ce."

"Na ji, Anti. Na gode."

"Kada ka gode min. Ban huce ba."

Baba ya zauna a kan damin ciyawa, ya matse ɗan akuyan a tsakanin gwiwoyinsa, ya jiƙa yatsa da madara ya sa masa a baki, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa da harshensu, Dagbanci. Da farko ya ƙi, ya yi ta fizge kai. Can sai ya kama, jelarsa ta fara kaɗawa. Madam ta juya baya tana share fuska da gefen riga.

Uwaisu ya ja tabarmar ya karkata ta hagu, wajen dogon itacen kusurwa. Tsohon ya bi shi da ido.

"Can ne?"

"Can ne, Baba."

Ya dubi jan rumbun, ya dubi itacen, ya ga tazarar da ke tsakaninsu. "Ashe ko wannan ban yi mata daidai ba."

"Kun yi niyya," in ji Uwaisu. "Ku bari ya ƙoshi. Za mu jira ku."